Ƙafar da Na Taka a Gidan Abincin Sinawa

Mu gidanmu mahauta ne. Kakana fawa ya yi a Damagaram, mahaifina ma ita ya yi har Allah ya karɓi abinsa. Ƙanensa kuwa, wanda nake kira Baba, ya ƙetare da sana'ar har Paris tun ina rarrafe. A cikin ƴaƴan gidan ni kaɗai aka bari na bi lakkwal, wato makarantar boko, har ƙarshe. Na fara da wannan ne domin na yi shekaru ba na iya faɗinsa a gaban mutane.

Da na zo Faransa karatu, wajen Baba na sauka, a unguwar Goutte d'Or. Ɗaki ɗaya ne a hawa na biyar, da ɗan wurin girki a bayan ƙofa. Ya bar mini gadon, shi ya shimfiɗa katifa a ƙasa, wai bayansa ya fi son ƙasa. Yana aiki a shagon nama na wani Balarabe, busheri kamar yadda ake cewa a can, tafiyar minti biyar daga gida. Kafin in farka ya fita. In tashi in tarar da shayi da burodi a rufe, in karya, in kama metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa jami'a a Saint-Denis. Da yamma ya dawo da ɗan ƙunshi, wuya ko ƙashin ƙirji, ya ɗora miya. Shekara huɗu ban san yunwa ba, alhali abokaina da ke ɗakunan ɗalibai taliya tsura suke kwana da ita.

Wata safiya a metiro, cikin matsi, wata mata ta kau da fuska daga gare ni. Mai yiwuwa ma ba don ni ta yi ba, amma na sunkuya na sunsuna rigar sanyina, sai na ji ƙarnin ɗanyen nama. Daga ranar na fara sa rigar a leda, in ɗaure bakin kafin in rataye. Ban ce wa Baba komai ba. Bayan kwana uku na lura ya fara wanka a bayan shago, yana canza kaya kafin ya hawo. Shi ma bai ce mini komai ba. Haka muke ni da shi.

Na gama karatu, na samu aikin kwamfuta a wani kamfani a Lyon. Ina shekara ta uku a can na haɗu da wata yarinya ƴar gida, a wajen sunan ɗan wani abokina a Villeurbanne. Karatun haɗa magunguna take yi, ga ta da dariya ga saurin baki, Hausarta rabi Faransanci rabi. Mahaifinta likita ne a wani babban asibiti, ya fi shekara ashirin a garin, kowa Likita yake ce masa. Mahaifiyarta, Hajiya, jinin sarauta ce daga wajen Maraɗi, irin matan nan da ko ruwa suka miƙo maka sai ka ji kamar babbar riga aka ba ka.

Ranar da na fara zuwa gaishe su, Likita ya tambaye ni ɗan gidan wa ne ni a Damagaram. Na faɗi unguwa, na ce mahaifina ya rasu, ɗan kasuwa ne.

"A nan Faransa fa, wa kake da shi?"

"Ƙanen mahaifina yana Paris. Shi ma kasuwanci yake yi."

Na ce a raina ai ban yi ƙarya ba, nama ma haja ce. Amma na san abin da nake kauce wa. Wanda ya tashi a gida ya san akwai gidajen da za su ci tsiren mahauci su yaba, su kira shi ya feɗe musu ragon layya, amma in ya aiko neman ƴarsu sai a fara ƴan kame-kame. Tun ina ƙarami na ji ana kiranmu da sunan da ba na son maimaitawa. Na ɗauka na baro wannan a can. Da na zauna a falon Hajiya, na ga hotunan kakanninta da rawuna a bango, sai na tarar yana nan tare da ni.

Bayan wasu watanni Likita ya ce lokaci ya yi da zai ga babbana. Abin da ya kamata shi ne in kai Baba gidansu. Ni kuwa tsoron gidan nake yi. A gida zama yana tsawo, hira tana shiga ko'ina, kuma ranar Lahadi ƴan Nijar ba sa yankewa a falon. Ɗaya daga cikinsu ya isa ya ce, "A'a, Malam na busheri, kai ne a Lyon?" Sai na kawo shawara a fara haɗuwa a waje, a ci abinci a saba, daga baya a zo gida a yi magana. Yarinyar ta yi murna, ta ce akwai wani sabon gidan abincin Sinawa a tsakiyar gari, tsakanin koguna biyun da suka ratsa garin, inda ake ajiye tukunya a tsakiyar tebur kowa ya dafa nasa. Ta taɓa zuwa da ƙawayenta. Na buga waya sau biyu na tabbatar naman sa da na rago yankan Musulmi ne, romon kuma babu alade a ciki. Na yi mako guda ina koyon riƙe tsinkayen cin abincinsu da fensir biyu, ina ɗaukar gyaɗa daga faranti.

Baba ya zo ranar Lahadi da jirgin ƙasa na safe. Na hango shi a gar ɗin Part-Dieu, wato tashar jirgin, tun daga nesa, cikin shadda ruwan toka da ban taɓa ganinta ba, ya ɗora tsohuwar rigar sanyinsa a kai, takalmi sabo yana ɗan matsa masa. A hannunsa akwai leda, cikinta wani ƙunshi mai faɗi a takarda, mai ya fara ɓullowa ta gefe. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi aiki da sanyi da maƙwabta, na karɓi ledar muka nufi mota.

"Baba, wannan fa?"

"Kilishi ne na yi wa Hajiya. Kwana biyu ina kansa. A tanderun shago na busar da shi, tunda ranar ƙasar nan ba ta da ƙarfi. Ba a zuwa wajen surukai hannu rabbana."

"Wurin da za mu ba a shiga da abinci daga waje, Baba. Bari in sa a bayan mota."

Ya ce to. Na rufe bayan motar, na ji sanyi a raina.

Mun kusa gada na rage gudu. Maganar tana bakina tun daren jiya, na tsara ta iri-iri, amma da ta fito sai ta fito a gajarce.

"Baba, in sun tambayi aikinka…"

"In sun tambaya?"

"Ka ce kasuwanci kawai. Ai kasuwanci ne."

Bai dube ni ba. Yana kallon kogin ta taga. Na ji ya ce, "To." Can kuma ya ce, "Ruwan nan da yawa yake. Yana janyewa da rani?"

Na shiga yi masa bayanin kogin, daga inda ya taso da inda yake zubawa, kamar wanda aka biya.

Gidan abincin ya fi yadda na zata. Baƙin katako ko'ina, jajayen fitilu suna rataye, ma'aikata cikin baƙaƙen kaya suna tafiya ba ka jin sawunsu. Wata ta karɓi rigunan sanyinmu. Na ga yadda ta riƙe ta Baba, na ga inda ya ɗinke aljihun da baƙin zare, na kau da kai. Likita da Hajiya da yarinyar sun riga mu zuwa. Likita ya miƙe ya kama hannun Baba da hannu biyu.

"Alhaji, sannu da hanya. An sha tafiya."

"Allah bai kira ba tukuna, Likita. Malam ɗin ma ya yi mini yawa."

Suka yi dariya, suka shiga gaisuwa, gida da iyali da mutanen Paris da labarin damina a can gida. Yarinyar ta rusuna, ta kira shi kawu da Faransanci, ta ce, "Tonton, ina wuni," Baba ya sa mata albarka har sau uku. Na so ya zauna kusa da ni, amma Likita ya jawo shi gefensa, ya ce tsofaffi wuri ɗaya. Sai ya zama su biyu suna fuskantata, Hajiya da ƴarta suna gefe, a tsakiyarmu kuma ramin da za a ɗora tukunya.

Abu na farko da aka kawo shi ne tabiliye, rigar gaban nan ta masu girki, kowa ɗaya, don kada romo ya ɓata kaya. Ni na ce ba na so, na ga kamar za ta rage wa farar rigata da kirabat ɗin da na ɗaura a wuya kwarjini. Likita ya yi ta laluben igiyar a bayansa, ƴarsa ta tashi ta taya shi. Hajiya ta shimfiɗa tata a cinya kawai. Baba kuwa ya zura kai, ya kai hannu baya, kafin ƙiftawar ido ya ƙulle, ya shafa gaban sau ɗaya daga ƙirji zuwa ciki. Na ga idon Hajiya ya tsaya a kansa. Shi ma kamar ya farga, sai ya mayar da hannayensa ƙarƙashin tebur. Hannayen Baba duk tabon wuƙa ne, kuma kan manuninsa na hagu babu shi, injin yankan ƙashi ya tafi da shi tun kafin in zo.

Aka kawo tukunya, an raba ta biyu da bango a tsakiya. Gefe ɗaya romo ja wur, barkono yana yawo a kai, ɗaya gefen fari mai ƙamshin citta. Aka kunna wuta daga ƙasa, aka jera ganyaye da taliya da jatan lande da dunƙulen kifi, duk ɗanye.

Hajiya ta ce, "Wato yanzu mu za mu dafa? To da mun zauna a gida mana."

Aka yi dariya. Baba ya leƙa wani faranti ya ce, "Ashe Shinuwa ma sun san awara." Likita ya ce ai daga wajen Sinawan ta fito. Baba ya riƙe haɓa yana mamaki. Komai yana tafiya daidai, amma ni na kasa zama lafiya. Na karɓe hirar. Ina nuna wa kowa yadda ake riƙe tsinke, ina faɗin abin da ake fara sakawa da abin da ake bari ƙarshe, duk abin da na karanta ne a cikin makon, rabi da Faransanci. Duk lokacin da Likita ya juya wajen Baba da tambaya, sai in jefo wata magana, aikin buro, wato ofis, ko tsadar haya a Lyon. Baba ya nemi cokali, ya ɗebi shinkafa kaɗan yana ci a hankali.

Sai aka kawo nama. A kan dogon katako aka jero shi, sala-sala, kowace an naɗe ta kamar takarda, ja da farin kitse a jikinta. Na ga fuskar Baba ta canza. Ban taɓa ganinsa ya wuce nama bai tsaya ba, ko a talabijin ne. Hannunsa ya fito daga ƙarƙashin tebur, ya ɗauki sala ɗaya da yatsu, ya warware ta, ya ɗaga ta wajen fitila.

"Wannan ba hannu ya yanka ba," in ji shi. "Sai da suka daskarar da shi ya yi tauri kamar itace, sannan inji ya bi. Karfata ce, ga jijiyar nan. Amma dabbar ƙosasshiya ce, kuma ba tsohuwa ba. Ka ga kitsen yadda ya ratsa?"

Likita ya matso yana kallo. Baba ya ci gaba, muryarsa ta saki, irin wadda yake yi wa mata masu ciniki a shago.

"Kuma suna da dabara. Sun datse tsokar a gicciye don ta nuna da wuri. Mu kuwa in za mu yi kilishi, bin ta muke yi a kwance, muna warware ta kamar rawani, har sai…"

Da na ji "mu" ɗin nan sai na miƙa ƙafa ta ƙarƙashin tebur na taka tasa. Bai yi shiru ba. Na ɗauka sabon takalmin ne ya hana shi ji, sai na ƙara dannawa, da dunduniya wannan karon.

Likita bai ɗago daga kallon naman ba. A hankali ya ce, "Ɗana, ƙafata ce."

Tukunya kawai ke tafasa. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Hajiya ta ɗauki kofin shayinta ta kurɓa. Baba ya dube ni, ya dubi Likita, ya sake dubana, na ga lokacin da ya gane. Na janye ƙafata, na ce a yi haƙuri, teburin ne ya yi ƙunci. Zufa ta karyo mini har cikin kunne.

Da na tsaya nan da sauƙi. Likita, ina jin don ya ba ni hanyar fita ne, ya juya wajen Baba ya ce, "Malam, lallai ka san nama. Wace haja kake kasuwancinta a Paris?"

Kafin Baba ya buɗe baki na riga shi. "Import-export ne, Tonton. Fannin kayan abinci."

Har yau in na tuna muryata tana faɗin kalmomin nan, sai in ji kamar in toshe kunne.

Likita bai dube ni ba. "Haka ne, Malam?"

Baba ya ajiye salar naman a gefen farantinsa, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da tsumman da aka ba mu. Ya ce, "Yaron ya fi ni sanin sunanta da Faransanci."

Daga nan bai ƙara cewa komai ba sai in an tambaye shi. Yarinyar ta dafa nama ta zuba masa a kwano, ya yi godiya, ya bar shi ya huce. Ni kuma na duƙufa a kan jan romon. Akwai wani yaji a cikinsa da ke kashe harshe, leɓe ya yi ta zuga kamar an ɗora masa waya. Na yi ta ci, don ya zama ina da dalilin zufa da jan ido. Na kai tsinke zan ɗauko dunƙulen kifi, ya suɓuce ya faɗa cikin tukunya, jan mai ya fallatso mini daga kirabat har aljihu. Ba wanda ya yi dariya. Na fi so a ce an yi.

Can wajen ƙarshe aka kawo farantin rago, mai kawowar ta ce wannan da hannu babban mai girkinsu ya yanka. Likita ya tura farantin gaban Baba.

"Wannan fa, Malam? Ya hannunsa?"

Baba ya dube shi. Na san ya ga abubuwa goma da zai faɗa. Ya ce, "Yana da kyau."

Da muka fito, la'asar ta kusa, rana ta yi fari ga iska mai sanyi. Motocinmu suna layi ɗaya. Aka tsaya sallama a bakin titi, ina Allah-Allah a rabu. Sai Baba ya ce mini, "Buɗe bayan motar."

Na buɗe. Ya ɗauko ledar da kansa, ya taka har gaban Hajiya, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Hajiya, ga ɗan kilishi, ba yawa. Aikin hannuna ne. Ni mahauci ne. Ubana mahauci ne, uban yaron nan ma haka, Allah ya jiƙansa. Shekara sama da ashirin ke nan ina yankan nama a Paris. Ban so mu rabu ba ku sani ba."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma dube ni ba. Hajiya ta karɓa ta ce, "An gode, Malam. Allah ya saka da alheri." Ban iya karanta komai a fuskarta ba. Likita ya riƙe hannun Baba ya daɗe bai saki ba, suna magana ƙasa-ƙasa, na ga ya ciro waya yana rubuta lamba. Yarinyar ta shiga mota ba ta yi mini sallama ba.

Shirin da muka yi shi ne Baba ya kwana biyu a wajena. Na sayi sabon bargo, na gyara masa ɗaki. Da muka shiga mota ya ce in kai shi gar, mai shago yana nemansa gobe da sassafe. Na san ba a buɗe shagon ranar Litinin. Shi ma ya san na sani. Na kai shi. A bakin jirgi ya dubi ƙirjina ya ce, "In ka je gida ka shafa wa rigar nan sabulun wanke kwano tun kafin ka jiƙa ta. Jan mai in ya kwana ba ya fita." Ya sa mini albarka, ya shiga.

Washegari da rana yarinyar ta kira ni ina buro. Na fita baranda.

"Ka ɗauka ba za a yi bincike ba?" in ji ta. "Abba ya san gidanku tun kafin azumi. Waya ɗaya ya buga Damagaram. Har sunan kakanka ya sani."

Na jingina da bango, ita kuma ta ci gaba.

"Maman ce ba ta so. Abba ya yi makonni yana lallashinta, yana cewa gidan sana'a ne, gidan mutunci, kowa ya yabe ku. Da ƙyar ta yarda ta zo jiya. Ka san abin da ta ce a mota? Ta ce, yau ubansa ya ɓoye, gobe wa zai ɓoye?"

"Ke fa?" na tambaya. "Kin sani?"

"Na sani mana. Jira nake ka faɗa mini da bakinka. Wata takwas, franchement, tsakani da Allah. Kuma ka bar ni na zauna ina kallon tsohon nan ya kasa cin abinci."

Ba a ce mini a'a ba. An ce a dakata ta gama karatu. Na ci gaba da zuwa gaisuwa, Likita yana karɓata kamar da, Hajiya tana amsawa daga ciki. Wayarmu da yarinyar ta yi ta raguwa har ta tsaya. Bayan shekara biyu na ji an ɗaura mata aure a Yamai. Ko sana'ar gidanmu ce ta raba, ko abin da na yi a teburin nan, ban sani ba. Wataƙila Hajiya dalili take nema, ni kuma na miƙa mata. Na daɗe ina juya wannan, ban kai ƙarshensa ba.

Paris kuwa sai da na yi mako uku kafin in iya zuwa. Ranar Asabar ce, shagon ya cika, matan Cadi da na Kamaru suna ta kiran "Malam, ni fa, ni fa," shi kuma yana sara yana aunawa yana tsokanarsu. Ya hango ni a bakin ƙofa, ya nuna mini baya da haɓa. Na shiga na zauna a kan wani akwatin roba kusa da ɗakin sanyi, na jira har aka yi azahar. Ya shigo da hanta da ya gasa a ɗan kasko, da burodi da albasa, ya ajiye a tsakaninmu.

"Baba, na zo ne…"

"Ci tukuna."

Na ɗauki yanka ɗaya na riƙe. Ya tauna nasa, ya haɗiye, sannan ya ce, "Ka san aikin da na fara yi a garin nan?"

Na ce fawa.

"Wa zai ba baƙo wuƙa? Wanke-wanke na yi, a wani gidan abincin Turawa wajen Gare du Nord. Shekara biyar. Rabin kwanonin kitsen alade ne. In wanke hannuna har ya yi fari kafin in yi alwala, duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. In zan aika wasiƙa gida sai in sa a rubuta wa babanka ina aiki a magaza, babban kanti. Har ya koma ga Allah bai sani ba. Kai ne na farko da na gaya wa."

Ya tura mini kaskon.

"Saboda haka na san abin da ya kama ka. Ba zan ce maka bai yi mini ciwo ba. Ya yi. A jirgin nan ko ruwa na kasa sha. Na yi ta tunani, me na yi wa yaron nan? Daga baya na ce, ba abin da na yi masa, tsoro ne kawai."

Na ce ya yafe mini.

"Na yafe. Ci hantar nan, in ta huce ba ta da daɗi."

Muka ci. Can sai na ga kafaɗunsa suna rawa, ashe dariya yake yi.

"Amma kai ma, da ƙarfi haka ka taka? Likita ya kira ni shekaranjiya, yana son in nema masa rago na Sallah. Ya ce kwana biyu yana ɗingishi a asibiti, marasa lafiya suna yi masa sannu."

Ya yi dariya har da share ido da gefen tabiliyarsa. Ni na kasa. Aka kira shi daga gaba, ya miƙe ya koma bakin aiki, ya bar ni da kaskon.

Bayan shekaru na yi aure, wata ƴar Tawa ce da muka haɗu a wajen aiki. Tun zamanmu na biyu na gaya mata ko su wane ne mu, ta ce to sai me. Baba ne ya karɓa mini auren. Mun ci gaba kamar da, waya duk Juma'a, in je Paris in hau hawa biyar ɗin nan in kwana a katifa, don yanzu ni nake hana shi barin gadon.

Sau uku na gayyace shi Lyon. Da na canza gida, ya ce aiki ya yi yawa. Da na yi aure, ya ce a bari sanyi ya wuce. Da aka haifa mini ƴa, ya ce gwiwa ta matsa masa, zaman jirgi ba zai yiwu ba, sai muka naɗe jaririyar muka kai masa ita ya yi mata addu'a. Ban taɓa ce masa na gane ba, ban kuma matsa ba. Da ƙarfinsa ya ragu ya tashi komawa Damagaram gaba ɗaya, ni na ɗauki hutu na haɗa masa kaya, na kai shi filin jirgi. Lyon kuwa bai sake takawa ba.